Jan Baki, Tsuntsun Da Ke Bin Damina

Yau maganar tsuntsu za mu yi, ɗan ƙarami wanda bai cika tafin hannun yaro ba, amma ya kan sa magidanci mai iyali ashirin ya kwana bai runtsa ba. Jan baki ke nan.

Bara da kaka ina rangadi a wani ƙauye na bakin fadama a ƙasar Haɗejiya, na tarad da wani dattijo zaune a bakin gonarsa ya yi tagumi. Shinkafarsa ta nuna tun mako guda da ya wuce, amma ya jinkirta yanka don 'yan ƙodago sun yi tsada, yana jiran 'ya'yansa su komo daga birni. Cikin kwana uku tsuntsu ya gama da ita, sai kara tsaye da ƙaiƙayi a ƙasa. Na yi masa jaje. Ya dube ni ya ce, "Malam, ku da kuka yi karatun gona, gaya mini. Da farkon damina ko ɗaya ba mu gani. Hatsi na fara ido sai ga su kamar hadari. Ina su ke zuwa, wa kuma ya ke gaya musu hatsinmu ya nuna?"

Na ce, "Baba, wannan tambaya taka ta fi ƙarfin amsar tsaye." Na ba shi abin da ya samu a ranar, na kuma yi masa alkawari zan rubuta sauran a jarida, don jikansa ya karanta masa. To, ga cikon alkawari.

Kamanninsa

Jan baki dangin tsuntsaye masu saƙa sheƙa ne, ko da ya ke in ka gan shi da rani sai ka ce gwara ce. Tsawonsa kamar santimita 12, nauyinsa kuwa wajen giram 20, watau sai ka tara hamsin kafin su yi kilo guda. Da rani mace da namiji duk kamarsu ɗaya: baya ƙasa-ƙasa mai zane, ciki fari-fari, baki ja. Sa'ad da lokacin aure ya zo sai namiji ya sake riga. Galibinsu fuskarsu ta kan yi baƙi ƙirin, waɗansu kuwa fari, kai da ƙirji su yi ja-ja ko rawaya-rawaya. Ita mace a lokacin nan bakinta ya kan juya ya zama rawaya. Wannan alama ce mai amfani. In ka ga baƙar fuska da rawayan baki sun yi yawa cikin garke, ka san sheƙa ba ta da nisa, ko kuwa suna shirin yinta.

Ana samunsa a yawancin ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, ban da cikin kurmi mai duhu. Iri uku ne: namu na yamma, daga Sanagal har Cadi, na gabas, wajen Sudan da Habasha da Kenya, da na kudancin Afirka. Masana sun ƙiyasta yawansu ya kan kai miliyan 1,500 bayan ƙyanƙyasa. Duk duniya ba wani tsuntsun daji da ya kai shi yawa. Sarkin yawa dai ya fi sarkin ƙarfi.

Abincinsa na asali

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, hatsinmu ba shi ne abincinsa na asali ba. Ƙwayar ciyawar daji ya fi so, irin su sabe da gude-gude da shinkafar daji da dawar daji. Waɗannan su ke zubad da ƙwaya a ƙasa da kaka, ita ce rumbun da ya ke ci tun daga ɗari har bazara.

Ku lura da garkensu a fako da rani. Na gaba suna tsince, na baya da suka tarad da wuri wayam sai su tashi su tsallake 'yan'uwansu su sauka a gaba, haka haka, har ka ga garken yana birgima kamar ana naɗe tabarma. Da sassafe su ke kiwo, da kuma la'asar. Rana ta take sai su fake a inuwa kusa da ruwa, don ba su iya wuni ba su sha ba. Da magariba sai su taru a makwanci guda, cikin ƙaya ko rake ko ciyawar ruwa. Su kan yi tafiyar kilomita 50 ko fiye a wuni tsakanin makwanci da wurin kiwo. Saboda haka tsuntsun da ya ci gonarka yau, watakila a wata gunduma ya kwana.

A ƙasar Haɗejiya da Nguru makwanci ya yi musu araha. Bayan da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Callawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sake. Wuraren da dā su kan bushe da rani suka zama suna da ruwa shekara duka, ciyawar nan kacalla ta mamaye su. Cikin kacalla kuwa ba mutum ba kare, ga ruwa a ƙasa, ga shinkafa da alkama a maƙwabta.

Ina su ke zuwa da farkon damina?

Yanzu sai tambayar Baba ta fari. Wanda ya fara warware ta sosai wani Bature ne masanin tsuntsaye, sunansa Peter Ward, wanda ya yi aiki a yankin Tafkin Cadi a farkon shekarun 1960. Ya buga abin da ya gano game da ci da haihuwarsu a Nijeriya a 1965, ya kuma bayyana yadda ƙaurarsu ta ke a 1971.

Ga yadda abin ya ke. Ruwan shuka da mu ke murna da shi, shi ne masifar jan baki. Ruwa na sauka sai ƙwayar ciyawar da ke ƙasa ta tsiro gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Rumbunsa ya koma ɗanyen haki ke nan, shi kuwa ba ya cin haki. Sabuwar ciyawa ba za ta yi ƙwaya ba sai bayan kamar mako shida. Wannan tsakani shi ne lokacin yunwarsa, kamar yadda mu ma tsakiyar damina ta ke zame mana lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Da yawa su kan mutu a nan.

Masu rabon kwana sai su yi guzuri. Su kan cika ciki da shinge da ke fitowa bayan ruwan fari, da tsutsa, su yi kitse. Sa'an nan su tashi su nufi kudu, cikin watan Yuni da Yuli, tafiyar kilomita 300 zuwa 600, har wajen kwarin Binuwai. Don me kudu? Don damina daga kudu ta ke taso mana. Can ruwa ya riga ya sauka tun makonni da suka wuce, ciyawa ta riga ta yi sabuwar ƙwaya. Watau sun tsallake bakin damina, sun faɗa bayanta.

Bayan kamar mako shida sai su juyo arewa, suna bin ciyawa yadda ta ke nuna, ƙasa bayan ƙasa. A kudancin Afirka masana sun auna, suka tarar ruwa milimita 60 ya isa ya tsirad da ƙwaya ya kore su, in kuwa ya kai milimita 300 cikin makonnin da ke biye, wurin ya isa yin sheƙa. Da wannan lissafi su ke hasashen inda tsuntsun zai sauka.

Amsar tambaya ta biyu ta fito ke nan. Ba mai gaya musu hatsinmu ya nuna. Ruwan da ya raya ciyawar daji shi ya raya geronmu, tare su ke nuna, sai tsuntsun da ke bin ɗaya ya tarad da ɗaya.

Garin sheƙa

Inda suka sami ƙaya mai kauri, irin su farar ƙaya da aduwa da magarya, ga ɗanyar ciyawa, ga ƙwari, ga ruwa kusa, nan su ke kafa gari. A ƙasarmu galibi daga tsakiyar Agusta ne zuwa Satumba. Namiji shi ke saƙa. Ya kan tsago ɗanyen haki siri-siri, ya fara ɗaura zobe tsakanin rassa biyu, ya tsaya cikin zoben yana kaɗa fiffike har mace ta yarda. In ta yarda sai ya ƙarasa ɗakin, mai ƙofa a gefe, cikin kwana biyu ko uku. Sheƙa guda ta kan ci tsagin haki 600 zuwa 700. An taɓa ƙirga sheƙa wajen 6,000 a itace guda, kuma a Zimbabuwe an ga gari guda mai tsawon kilomita 20.

Mace ta kan yi ƙwai uku galibi, shuɗi-shuɗi. Kwana tara ko goma su ƙyanƙyashe. Uwa da uba duka su ke ciyarwa, da fari da tsutsa da fara, don jariri sai da nama ya ke girma, daga baya su haɗa da ɗanyar ƙwaya. Mako biyu 'ya'ya sun bar sheƙa. Daga ɗaura zobe zuwa watsewar gari duka bai wuce mako biyar ko shida ba. Gari duka kuwa kusan rana ɗaya ya ke yin ƙwai, rana ɗaya ya ƙyanƙyashe. Shirwa da shaho da babba-da-jaka da macizai da guza su kan taru su ci iyakar cinsu, amma ba su iya ƙare su kafin gari ya tashi.

Iyaye su kan bar 'ya'ya a nan su yi gaba, inda ciyawa ta ke kan nuna, su sake kafa wani gari in shekara ta yi kyau. 'Ya'yan nan da aka bari, ba su san daji ba, ga yunwa, ga gero da dawa sun yi ido a kusa. Su ne yawancin baƙin da mu ke gani a Satumba da Oktoba.

Yawan ta'adinsa

Jan baki yana cin gero da dawa da shinkafa da alkama. Masara ta fi ƙarfin bakinsa, ga ta kuma cikin ɓawo. Ya fi son ƙwaya tun tana da ruwa-ruwa kamar nono, amma ko ta bushe ba ya ƙi. Tsakanin abin da ya haɗiye da abin da ya kakkaɓe ƙasa, ana lissafa wa tsuntsu guda wajen giram 10 a wuni. Malaman lissafi, ku ɗauki alƙalami. Garke mai miliyan guda zai lalata kilo 10,000, watau buhu 100 mai kilo ɗari-ɗari, a wuni guda. Garke mai miliyan guda kuwa ba abin mamaki ba ne.

Amma ku lura da wani abu. In an haɗa hatsin ƙasa duka, abin da ya ke ci kashi kaɗan ne. Illar ita ce ba ya raba asarar daidai. Ƙauye goma su tsira sarai, na goma sha ɗaya a share shi tas. Wannan ya sa ɗan kasuwa a birni ya kan ga farashi bai motsa ba, alhali wani magidanci ya rasa abincin shekara, ga bashin taki a wuyansa.

Lokaci biyu ne na haɗari. Na fari shi ne kaka, sa'ad da 'ya'ya suka tashi. Na biyu shi ne ƙarshen rani, sa'ad da ƙwayar daji ta yi ƙaranci, ba sauran abu ɗanye a ƙasa sai alkama da shinkafar masu noman rani. Masu masakwa a firkin Barno su ma sun san shi.

Gwara mai rawaya

Mutanen Nijar da na iyakar arewa sun san wani abokin tafiyarsa. Wannan gwara ce ta ainihi, girmansu ɗaya. Namijin kansa da cikinsa rawaya ne shar, bayansa ja-ja kamar goro, macen kuwa ruwan ƙasa ce. Ita ma ba ta zama wuri ɗaya. Da damina ta kan yi sheƙa cikin ƙayar Sahel, dubbai a wuri guda, da rani ta gangaro kudu, sau da yawa cikin garken jan baki. Sheƙarta ba saƙa ba ce, tarin ƙiraren ƙaya ne. Ita ma tana cin gero ƙwarai. In za ku kai rahoto ku faɗi wanne kuka gani, da irin sheƙar, don ma'aikata su san abin da za su tarar.

Yaƙin da aka yi da shi

Tun shekarun 1950 gwamnatocin Afirka ke yaƙi da jan baki. An sa nakiya a makwancinsa, an ƙone shi da wuta, daga baya aka koma feshin guba da jirgin sama, musamman wadda a ke kira fenthion. A Afirka ta Kudu an yi shekaru ana kashe miliyoyi ko wace shekara. A farkon 2023 gwamnatin Kenya ta ba da sanarwar za ta kashe wajen miliyan 6 a yankin Kisumu saboda shinkafa. Duk da haka yawansa a nahiyar bai ragu ba.

Ward ya faɗi dalili. Abinci ne ke iyakance yawansu. Ko ba a taɓa su ba, yunwar farkon damina za ta kashe da yawa. In ka kashe rabi da rani, ka bar wa sauran rabin abincin mutum biyu ke nan, su tsallake yunwa, su hayayyafa su cike gurbi. Saboda haka feshi yana da amfani ne kurum in an yi shi kan makwanci ko garin sheƙa da ke kusa da hatsin da ke gab da nuna. Neman ƙare tsuntsun daga duniya kuwa zubad da kuɗi ne.

Gubar nan kuma ba ta san jan baki daga wani ba. Tana kashe shaho da shirwa da mujiya da suka ci gawarsa, tana kashe zuma, tana cutad da mutum. Ina roƙonku da babbar murya: kada kowa ya tsinci tsuntsun da aka yi wa feshi ya ci, ko ya kai kasuwa. Ku hana yara da dabbobi zuwa wurin har ma'aikata su ba da izini. Mai saye a kasuwa kuma ya tambayi yadda aka kama.

Mutanen Cadi suna da wata dabara. Mafarauta su kan shiga makwanci da raga a daren da ba farin wata, su kama, su fige da safe, su soya, su shanya, su kai kasuwar Njamena. An ƙiyasta su kan kama miliyan 5 zuwa 10 a shekara. Wannan bai ƙare tsuntsun ba, amma ya mai da wani kashi na hatsin da ya ci ya komo tukunya. Kashinsa da ke taruwa a ƙarƙashin makwanci kuma taki ne mai kyau.

Abin da manomi zai yi

Na fari, ku yi shuka tare. In gonakin fadama duka suka nuna lokaci ɗaya, tsuntsu ya kan rarrabu, kowa ya yi asarar 'yan mudu. Wanda ya riga kowa, ko ya makara shi kaɗai, shi ke ciyad da garke duka.

Na biyu, ku nemi iri mai saurin nuna, don hatsi ya shiga rumbu kafin 'ya'yan tsuntsu su tashi. Masu noman rani su shuka da wuri, kada girbi ya kai su tsakiyar bazara. Inda tsuntsu ya saba sauka ko wace shekara, gero mai gargasa ya fi wanda ba shi da gashi tsira, don gashin yana tsone masa ido. A gonar da ke daf da makwanci gara a sa masara ko wake ko gyaɗa.

Na uku, ku yi noma da kyau. Sabe da 'yan'uwansa da aka bari cikin shinkafa su ke fara jawo shi. Ya zo don ciyawa, ya zarce kan shinkafa.

Na huɗu, tsaro. Daga sa'ad da ƙwaya ta yi nono har girbi, kamar mako uku ne zuwa huɗu. Rumfa a tsakiyar gona, igiya da gwangwanaye, majajjawa, da ihu, har yanzu ba abin da ya fi su araha. A tsaya tun asuba zuwa hantsi, da kuma la'asar zuwa magariba. Mutum-mutumi da tsumma in sun kwana uku wuri guda tsuntsu ya gane su, sai a riƙa sake musu wuri. Maƙwabta su raba kwanaki a tsakaninsu, don kada a fid da yara daga makaranta wata guda cur. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, in hatsi ya nuna a yanke. Kuɗin ƙodago, komi tsadarsa, bai kai na gona duka ba. In an yanke kuma kada a bar dami a shimfiɗe a fili, a tara a rufe.

Na shida, rahoto. Makiyaya da masu itace da masunta su ke fara ganin makwanci da garin sheƙa. Duk wanda ya gani ya gaya wa mai unguwa ko dagaci, su kuma su sanad da malamin gona a ranar. A faɗi wurin, da irin itacen, da faɗinsa, da ko akwai ƙwai ko 'ya'ya. Ku tuna gari duka mako biyar ne ko shida. Rahoton da ya yi mako uku a aljihu, ko ya isa ofis ba ya da sauran amfani.

Bana na sake bi ta ƙauyen nan da bazara. Baba ya ce sun yi shawara da mutanen fadamarsu su goma sha huɗu za su yi shuka cikin mako guda, sun kuma ajiye kuɗin yanka tun yanzu a hannun ɗayansu. Ya ce, "Malam, tsuntsun dai zai zo." Na ce, "Zai zo, Baba, amma bana kun san watan zuwansa."

Duk mai wata dabara da ya gwada a garinsu ta yi amfani, ya rubuto mana mu buga, don 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana abin da muka shuka, amin. Sai mako mai zuwa.